Dasashin Maikano

Sati uku Maikano ya yi a wani asibitin haƙori a birnin Kano, kuma duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da shi a Rafin Marke, can ƙasar Kiru, ya ji labarin har ya haddace. Abin da ba ya yawan faɗa shi ne fenti ya kai shi. Yana kan tsani da buroshi a hannu, likita na ƙasa yana koya wa ɗalibai yadda lafiyayyen dasashi yake, shi kuwa kunnensa na tsintar abin da ya sauwaƙa. Ranar da aka gama aiki aka ce a zubar da wani tsohon hoton bango da ya sha fenti a kusurwa ɗaya. Maikano ya naɗe shi ya sa a hammata ya hau mota, kafin a iso Kwanar Dangora ya gama zama masani.

Hoton ba na wasa ba ne. An zana haƙori guda wanda girmansa ya kai turmi, an tsaga shi biyu ana ganin saiwarsa cikin ƙashi, ga dasashi ya rungume wuyansa, ja mai haske kamar cikin gwaiba.

Da abin ya tsaya nan, da garin ya ji da sauƙi. To, sai dagaci ya sa aka yi shela cewa ƙaramar hukuma za ta ɗauki mutum ɗaya a koya masa wayar da kan jama'a kan tsaftar baki, a kuma ba shi sabon babur na zagaya ƙauyuka. Nan da sati biyu masu zaɓe za su zo. Shekarar Maikano arba'in da ɗaya a duniya, abin hawansa ɗaya ne, wani keke da sarƙarsa ke faɗuwa ko a jingine yake. Da ya ji shelar sai zuciyarsa ta ɗare kan babur ɗin, ba ta ƙara saukowa ba.

Washegari da hantsi ya ari igiya ya auna ƙahon babur ɗin wani maƙwabci, ya dawo ya auna ƙofar zaurensa, ya tarar da saura taƙi biyu kafin babur ya iya shigewa. Bai yi shawara da kowa ba, ya cire ƙyauren ya jingine, ya ɗauko diga.

Matarsa Bahijja ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu, ƙura na tashi.

"Baban Zuwaira, gobara aka yi ko kai ne?"

"Hanya nake yi wa babur."

"Wane babur?"

"Nawa."

"Yana ina?"

"Yana Kiru, yana jira a yi masa hanya."

Bahijja ta dubi ramin bangon ta dubi kuɓewar da ta shanya a tabarma, ta ce, "To Allah ya sa shi zai fara shigowa." Kafin azahar awakin maƙwabta uku sun riga shi.

Da ita ya fara aiki, tunda gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Ya zaunar da ita a bakin rumbu, ya ce ta wage baki, ya buɗe hoton a gefe yana duba nan yana duba can. Bahijja na da wushirya, kuma garin duka ya san saboda wushiryar nan Maikano ya yi shekara biyu yana sintiri a ƙofar gidansu da wannan keke.

"Kin ga nan," ya ce yana nuna hoton, "tsakanin kowane haƙori da ɗan'uwansa akwai ɗan tsinin nama da ya cike gurbin. Naki a gaba ya kwanta, fili ne kawai. Ga shi kuma dasashin ya yi duhu. Ciwo biyu ke nan."

"Wushiryar tawa ce ta zama ciwo?"

"A likitance."

"Da ba kai ka ce idan na yi dariya ba ka iya cin tuwo ba?"

"A lokacin ban je Kano ba."

Ta rufe bakinta, ba ta kuma buɗe masa shi ba sai da ta zo faɗa masa cewa akuya ta cinye kuɓewa.

Maikano ya sayi littafi mai layi, ya raba shafin biyu, ya rubuta Masu Lafiya a hagu, Marasa Lafiya a dama. Dabararsa ita ce kafin masu zaɓe su zo ya gama duba bakin garin kaf, ya ajiye musu littafin a gaba, su ga ba koyarwa yake bukata ba, mukulli kawai za su miƙa. Ya kafa ofis a inuwar marke, kusa da teburin Tasi'u mai lemo, saboda dalili. Ya ji likita na cewa saman lafiyayyen dasashi yana da 'yan ɗigo-ɗigo irin na ɓawon lemo, don haka sai da ɓawo a hannu yake aiki, kuma a wurin Tasi'u ɓawo kyauta ne.

Tasi'u mutum ne mai shiru, ya gama sakandare bai samu wucewa ba, kullum aswaki na gefen bakinsa yana fere lemo. Shi ne farkon wanda aka duba a majalisa.

Maikano ya ɗage masa leɓe, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Tasi'u, kana da wasiyya?"

"Me ka gani?"

"Baƙi ƙirin. Kamar gindin tukunya."

"Haka na gan shi tun ina yaro. Na babana ma haka yake."

"Ina baban naka?"

"Ya rasu."

"To ka gani."

"Mota ce ta kaɗe shi a hanyar Bebeji."

"Ba a rasa dalili," in ji Maikano, ya rubuta sunansa a dama.

Daga nan ya juya ga jama'a ya karanta musu darasi. Ya ce dasashi hawa biyu ne, na sama fata ce mai tauri da ke jure tauna, na ƙasa nama ne mai zare-zare da ya ɗaure shi da ƙashi. Ya ce can bakin-bakin akwai inda bai manne da haƙori ba, ya zagaye shi kamar wuyan riga, tsakaninsu da ɗan kwari siriri. Har nan maganarsa daidai take, don bakin likita ne ke fita ta bakinsa. Inda ta ɓaci shi ne inda ya fara sa nasa.

"Wannan kwari," ya ce yana zura yatsa a jikin hoton, "kun ga yatsana ya shige. Kowa ya gwada nasa. Wanda yatsa bai shiga ba, nasa ya toshe."

Mutum bakwai suka sa yatsa a baki. Babu wanda nasa ya shiga.

Tasi'u ya cire aswaki ya ce, "Malam Maikano, ai haƙorin hoton ma ya kai turmi. Ko namu ne suka ƙanƙance?"

"Kai ka je Kano ko ni?"

Tasi'u ya mai da aswakinsa.

Ana haka sai ga Baba Balarabe ya dogaro sanda, tsohon da rabonsa da haƙori tun zamanin da ake auna gyaɗa a garin. Ya zauna a kujerar duba ba tare da an kira shi ba, ya wage baki har ana hango beli.

Maikano ya duba hoton, ya duba bakin, ya juya hoton, ya sake dubawa.

"Baba, ina wuyan rigar?"

"Mai rigar ya yi tafiya, ɗana."

"To ina zan sa ka?"

"Kai ne masanin dasashi, ni kuma duk garin nan ba wanda ya kai ni dasashi. Da shi nake cin tsire."

Maikano ya yi tunani, ya ja wani layi na uku a littafin, ya rubuta Sai An Bincika. Baba Balarabe ya ce a ba shi lemo ɗaya ladan zama.

Cikin kwana biyar shafin dama ya cika ya shiga na biyu. Masu goro, masu taba, mata ta bakin mazajensu, duk wanda aka ɗage wa leɓe sai a tarar da duhu, wani kaɗan, wani dabbare-dabbare, wani kamar an shafa shuni. Mutane suka fara ratse hanya idan sun hango shi. Mai nama ya daina dariya a gabansa. Har gaisuwa aka koma yi masa da baki a tsuke.

Sai ya gano musabbabi. Ya lura duk wanda ya duba yana yin aswaki, kuma duk wanda ya duba ba shi da lafiya. Ranar Juma'a bayan an sallame ya tari Liman a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, so nake a yi sanarwa a dakatar da aswaki zuwa wani lokaci. Yana ture wuyan dasashi, yana sa shi duhu."

Liman ya dube shi a natse. "Maikano, sunna kake so in dakatar?"

"Na ɗan lokaci ne, kafin a zo zaɓe."

"Shekarata sittin da huɗu ina yi. Ƙirga."

Ya buɗe baki. Maikano ya ƙirga talatin da biyu, ya sake ƙirgawa ko zai samu gibi, bai samu ba.

"Sun cika, amma dasashin ya yi duhu, Malam."

"Ni ma ai ban yi haske ba," in ji Liman, ya sa takalminsa.

Tunda gari ya ƙi, sai ya yi wa kansa. Ya jefar da aswakinsa a bayan rumbu, ya koma kowace safiya yana dirje dasashi da gishiri da lemon tsami a tsumma don launi ya fito. Launi kuwa ya fito. Cikin 'yan kwanaki dasashinsa ya yi jawur, ya kumbura yana sheƙi, ya ma wuce na hoton. Ya tsaya gaban madubin Bahijja ya yi murmushi, ya buɗe littafi ya rubuta sunansa a hagu, shi kaɗai a shafi guda.

"Baban Zuwaira, jini nake gani a ƙoƙon alwalarka."

"Alamar rai ke nan. Naku da ba ya fitarwa, ya daskare."

"Tuwon ma da gefe ɗaya kake ci."

"Ina hutar da ɗayan."

Ran kasuwar Tudun Wada ya ga ya kamata sunansa ya tsallaka ƙasar Kiru, don masu zaɓe su ji labarinsa daga nesa. Ya hau motar kasuwa da hotonsa. Mutanen can ba su san shi ba, ba wanda ya yarda ya buɗe masa baki, sai wani mai tallan magani da ya ce shi ma ya buɗe nasa a yi musaya. Ya gangara kara, ya tarar da wani dattijon Bafulatani daga duwatsun Doguwa riƙe da bijimi, mai saye na ɗage leɓen dabbar yana duba shekaru. Maikano ya kutsa kai, ya leƙa, ya ja da baya.

"Alhaji, kada ka saya. Haƙoran gaba na sama duk sun zube, dasashi ne zalla. Ciwon ya ci ƙarfinsa."

Mai sayen ya saki leɓen. Dillalai suka matso. Bafulatanin ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya dubi Maikano tun daga hula har silifa.

"Kai daga ina?"

"Asibitin haƙori na Kano."

"Shanun Kano suna da haƙoran gaba a sama?"

"Masu lafiya, e."

Dattijon ya kama hannunsa ya bi da shi layin shanu, yana ɗage leɓe ɗaya bayan ɗaya. Saniya goma sha huɗu, babu mai ko ɗaya. Ya wuce da shi wajen tumaki, haka. Awaki, haka.

"Annoba ce," in ji Maikano.

"Tun ran da Allah ya halicci nagge take fama da ita," in ji dattijon. Ya sake shi a daidai inda bijimin ya ga dama ya juya, ya goga masa gindi a farar rigarsa. Dillalai suka raka shi da dariya har bakin tasha, wani na kira a kawo masa kaza ya duba.

Labarin ya riga shi isa gida. Ya tarar da Bahijja ta kare ramin zauren da tsohuwar tabarma, akuya kuma ta cinye rabin tabarmar.

Ranar zaɓe gari ya taru a ƙofar dagaci. Wata farar akori-kura ta tsaya, a bayanta ga babur ja, sabo fil, ledar kan kujera ma ba a cire ba. Maikano ya kutsa gaba. Ya zagaya motar sau biyu, ya faki ido ya zaro igiyarsa ya sake auna ƙahon.

Wadda ta zo zaɓen wata ma'aikaciyar lafiyar haƙori ce, Malama Hindatu, doguwa mai magana a hankali. Ta ce duk mai sha'awa ya fito. Kafin ta rufe baki Maikano ya rataye hotonsa a reshe, ya durƙusa ya gai da dagaci, ya miƙa mata littafin.

"Hajiya, na rage miki aiki. Mutum tamanin da shida na duba. Tamanin da huɗu ba su da lafiya, ɗaya sai an bincika."

"Saura ɗaya."

"Ga shi a gabanki."

Ta buɗe littafin ta bi shafukan. "Wane ne ya fi tsanani?"

"Tasi'u mai lemo. Ina mamakin yadda ya kai yau."

Aka kira Tasi'u. Ta sa safar hannu, ta ɗage leɓensa, ta goge da auduga, ta danna, ta zaro wani siririn ƙarfe mai zane-zane ta zura a hankali tsakanin haƙori da dasashi. Jama'a suka matso suna leƙe.

"Malam Maikano, matso ka gani. Ka ga na danna bai lotsa ba, ya kama ƙashi gam. Ka ga 'yan ɗigon nan na saman?"

"Ɓawon lemo," in ji Maikano da sauri, don kada a riga shi.

"Daidai. Ka ga bakinsa siriri ne, ya kwanta a wuyan haƙori. Kwarin kuma bai wuce ƙwayar gero ba, ga shi ba jini. Na daɗe ban ga dasashi mai lafiyar wannan ba."

"Amma baƙi ne, Hajiya."

"Abin da ya ba fatarmu launi shi ya ba dasashinmu. Wani nasa haske, wani duhu, duk lafiya ne."

"Hoton bai ce haka ba."

Malama Hindatu ta je gaban hoton ta tsaya. Ta dubi kusurwar da farin fenti ya rufe, ta sa farce ta kankara. Fentin ya ɓanɓaro. A ƙarƙashinsa ga wasu ƙananan hotuna uku a jere, dasashi mai ruwan ƙasa, mai dabbare-dabbare, da baƙi irin na Tasi'u, da rubutun Turanci a ƙasa. Ta ce wa zai karanta. Tasi'u ya karanta, ya fassara wa jama'a: duk waɗannan launuka na lafiyayyen dasashi ne.

Dagaci ya yi gyaran murya. "Wa ya shafa fenti a wurin?"

Maikano ya so ya yi shiru, amma hali zanen dutse. "Aikin hannuna ne, ranka ya daɗe. Hawa biyu na yi wa bangon. Ka ga ai sai da aka sa farce."

"To saura mai lafiyar," in ji Malama Hindatu. "Bismilla, zauna."

Nan fa aka ga wanzami ba ya son jarfa. Maikano ya ce ai an riga an duba shi. Ta ce wa ya duba. Ya ce masani. Liman ya dafa kafaɗarsa ta dama, Baba Balarabe ya sa masa sanda a bayan gwiwa, sai ga shi a kujera. Ya buɗe baki. Na kusa suka ja da baya kaɗan.

Ba ta ma kai ga ƙarfen ba. Audugar kawai ta taɓa, ta fito ja.

"Ya kumbura, ya yi sulɓi, ɗigon duk sun shafe. Ga datti ya taru a wuyan haƙora. Yaushe rabonka da aswaki ko buroshi?"

"Kwana tara," wata murya ta amsa daga inda mata suke tsaye. Bahijja ce. "Gishiri da lemon tsami yake dirzawa, Malama."

"Wa ya ba ka wannan shawara?"

Auduga na cikin bakin Maikano. Baba Balarabe ya amsa masa: "Masani."

Malama Hindatu ta ɗauki biro, ta buɗe littafin, ta musanya kan shafukan biyu, Masu Lafiya ya koma dama, Marasa Lafiya ya koma hagu. Ta ce ban da wannan gyara aikin ya yi kyau, ba a bar kowa ba. Dariyar da gari ya yi kwana goma yana tsukewa ta fito gaba ɗaya, kowa da dasashinsa a waje.

Tasi'u aka ba babur, tunda ya iya karatu kuma ya iya tambaya. Aikin farko da Malama Hindatu ta ba shi shi ne ya kai Maikano asibiti a Kiru a wanke masa baki, yau ba gobe ba. Haka Maikano ya hau bayan babur ɗin da ya auna da igiyarsa, ledar kujera na ƙara a ƙarƙashinsa, hoton a hammata. Gaskiya ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya so babur ɗin nan kamar me.

Da la'asar suka dawo, kumatunsa cike da auduga, kansa na juyawa. Tasi'u ya rage gudu a ƙofar gida zai sauke shi, sai ya ga ramin zauren a buɗe, ya ga mutumin ba zai iya taka ƙasa da kyau ba. Ya murza, ya shige ta zauren, ƙaho bai taɓa bango ko ta gefe ɗaya ba, ya tsaya cak a tsakar gida gaban ɗaki. Awaki biyu suka tashi suka ba shi wuri.

Maikano ya sauko a hankali. Ya waiwaya ya dubi ƙofar, ya dubi babur, ya zare audugar gefe ɗaya.

"Bahijja, kin gani ko? Ko ɗan yatsa ban kuskure ba. Na ce miki zai shiga."

"Ya shiga, Baban Zuwaira," ta ce. Ta miƙa masa sabon aswaki, ta yi dariya har wushiryarta ta fito. "Yi sallama da shi, mai shi zai fita da abinsa. In ka gama ga ƙyauren can a jingine."